Mama Tafireta da Ƙullin Ƙoda

Shekarunta hamsin da tara, mijinta ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma wata bakwai ya rage mata ta ajiye aiki a makarantar koyon aikin jinya inda ta shekara talatin da uku tana buga takardu. Mama Tafireta ake ce mata. An daɗe da kwashe tafiretocin an kawo kwamfuta, amma sunan ya ƙi tashi, kamar tabon shayin da ke kan teburinta. Ɗalibai sun shigo sun fita ba su taɓa sanin tana da wani suna ba.

Gajeriya ce mai ɗan jiki, takan ɗingisa ƙafar hagu idan ta daɗe a zaune. Yatsu biyu na hannunta na dama sun fara kumbura a gaɓa, sai ta murza su da man zafi kafin ta fito. Ciki da falo take haya a wani gida mai ɗakuna takwas da famfo ɗaya. Mota biyu take shiga kafin ta kai wurin aiki, ta farkon kuwa ba ta cika samun wurin zama a cikinta ba.

Sau uku a shekara ana rufe ta a wani ɗaki da ke ƙarshen barandar ofis. Ba shi da taga, ƙofarsa ta ƙarfe ce, fankar da ke sama ta fi ba da ƙara a kan iska. Waya da jaka a kwando ake barinsu a bakin ƙofa. Malamai su kawo tambayoyin jarrabawa da rubutun hannu a cikin ambulan, jami'in jarrabawa ya yage a gabanta, ta buga, ya duba, a gurza, sannan a ƙona takardun hannun a wani tsohon bokiti a bayan ofis. Duk tambayar da aka yi wa ɗalibi a makarantar nan a shekara talatin da uku, ta ƙarƙashin yatsunta ta bi.

Saboda haka an zo mata ta hanyoyi da yawa. An zo da atamfa, an zo da kaji, wani uba ya taɓa sauke buhun shinkafa a ƙofar ɗakinta ya tafi, sai da ta ɗauki hayar mai baro ya mayar masa. A coci har misali ake yi da ita. Ita kuwa yabon ba ya yi mata daɗi, domin ta san abin da masu yabon ba su sani ba: ba ta da abin sayarwa. Tsohon da ya koya mata bugun tafireta yakan ce mai buga takarda bututu ne, ruwa ya bi ta cikinsa ya wuce. Ido ya ɗauki harafi ya miƙa wa yatsa, kai ba shi da labari. Yakan ba su takarda su buga daga ƙarshe zuwa farko, wanda aka kama yana motsa leɓe ya sha rula a bayan hannu. Ta iya darasin har ya zama jikinta. Takan fito daga ɗakin nan kanta fayau kamar kwanon da aka wanke.

"Ko wuƙa ka sa min a wuya," takan ce, "abin da zan iya gaya maka shi ne shafi bakwai ne."

Tana da wata al'ada guda. Kowace safiya, kafin ta taɓa aikin kowa, takan buga aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki don yatsu su warware, sannan ta goge. Ayar da aka ba ta ce ranar da aka yi mata baftisma tana budurwa. Idan aka tambaye ta abin da ayar ke cewa, takan faɗa da ka: babu jarabar da ta sami mutum wadda ba ta saba samun 'yan Adam ba, Allah mai aminci ne, ba zai bari a ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa ba, zai kuma buɗe masa mafita. Nan take tsayawa.

Mutum ɗaya ke kwana a ɗakin tare da ita, jikarta, 'yar 'yarta ta fari. Uwar ta rasu yarinyar tana da shekara huɗu, uban ya tafi wani gari neman aiki, daga nan sai gaisuwa ta waya. Nas ake kiran yarinyar tun tana ɗaure wa kajin maƙwabta ƙafa da tsumma tana yi wa 'yar tsana allura da tsinke. Tana da shekara shida aka jera yara a gaban ikilisiya su yi addu'ar Ubangiji. Da suka zo inda ake roƙon kada a kai mutum cikin jaraba, sai muryar Nas ta fito sama da ta kowa tana roƙon kada a kai su cikin jarrabawa. Coci ya kwashe da dariya, har Fasto sai da ya juya baya yana share ido. Yarinyar ba ta ga abin dariya ba. Kullum tana jin kakarta tana cewa jarrabawa ce ta hana ta dawowa da wuri, jarrabawa ce ta sa mata ciwon baya, ai dole abin a nemi tsari da shi ne. Tun daga ranar, duk Lahadi idan aka zo wannan wuri a addu'a, sai Nas ta zunguri kakarta da gwiwar hannu, idanunsu a rufe, kowa tana danne dariya.

Yanzu Nas tana da shekara ashirin da uku, tana tsaron kantin magani a bakin titi, kuma sunan ya fara yi mata nauyi. Sau biyu ta zauna jarrabawar shiga makarantar da kakarta ke aiki. Karon farko zazzaɓi ya kayar da ita ana jibi za a rubuta. Karo na biyu maki uku ta rasa. Dokar makarantar sau uku ce, daga nan an rufe ƙofa.

A waɗancan karo biyun babu wata wahala. Mama Tafireta ta rubuta a takarda cewa jikarta tana cikin masu zama, abokiyar aikinta ta buga tambayoyin. Amma bara abokiyar aikin ta yi ritaya, ba a kuwa kawo wata ba. Don haka da lokaci ya ƙarato ta shiga ofishin jami'in jarrabawa da takardarta a hannu. Mutum ne da bai wuce sa'ar ɗanta ba, kullum makullai na kaɗawa a ƙugunsa.

"Yallaɓai, a nemi wani ya buga ta bana."

"Wa zan nema, Mama? Ni da yatsa biyu nake bugu, sai Kirsimeti ta zo ban gama ba."

"A aro daga wani ofis."

"In aro wanda ban sani ba in sa shi a ɗakin nan? Gobe tambayoyin suna kasuwa." Ya sa hannu a takardarta ya jefa a durowa. "Kin sanar, na karɓa, shi ke nan. In ban yarda da ke ba, da wa zan yarda? Ai ke ba kya ma karantawa."

Ta fito tana jan ƙafa. A ranta wannan ce mafitar da ayar ke faɗa, ga shi ta ƙwanƙwasa an ƙi buɗewa. Ta lallashi kanta da maganarsa ta ƙarshe, ta ce ai gaskiya ne, ba ta karantawa.

Abin da ta manta shi ne wata shida ke nan tana riƙe wa Nas littafi. Kowace yamma bayan sun ci abinci, yarinyar ta zauna a ƙasa ta jingina da kujera, kakar ta sa tabarau tana karanto tambayoyin ƙarshen babi. Kalmomin likita ne masu tsawo kamar igiyar shanya, irin waɗanda ta shekara talatin tana bugawa ba ta san ko sunan cuta ba ne ko na mutum. Nas kuwa ba ta iya haddace abu sai ta bayyana wa wani, wanin nan kuwa kakarta ce. "Tsaya in gaya miki, tsohuwa, wannan famfo ne, wannan kuma rariya ce." A haka, ba da niyya ba, kalmomin suka yi fuska, ta san su kamar yadda ta san maƙwabta.

Akwai kuma babi ɗaya da suka tsallake. Malamin da ke yi wa su Nas darasin yamma ya rantse cewa ƙoda ta fito shekara biyu a jere, ba za ta fito ta uku ba, kada su ɓata lokacinsu. Nas ta yarda, lokaci ya ƙure, ga kanti. Mama Tafireta da hannunta ta ɗauko kilif daga jakarta ta maƙale shafukan babin wuri ɗaya don a riƙa wucewa da sauri.

Ranar Alhamis aka rufe ta a ɗakin. Shafi na farko da na biyu suka wuce lafiya. Na uku rubutun wani sabon malami ne, kamar kaza ta taka tawada, dole ta tsaya ta dubi kalma ta gane ta kafin ta buga. Tana dubawa kuwa ta gane. Tambaya ce ta dole, maki ashirin, a zana ƙoda a sa sunayen sassanta a bayyana yadda take tace jini. Yatsunta suka tsaya a sama.

"Lafiya, Mama?"

"Yatsa ne, yallaɓai. Ya riƙe."

Ta ƙarasa aikin. Aka gurza, aka ƙona takardun hannu a bokiti, ta karɓi jakarta a kwando. Babu ko ƙyallen takarda a jikinta, da za a caje ta har ɗan kunne ba za a sami komai ba. Abin yana cikin kanta, kuma ba ma duk tambayoyin ake bukata ba, kalma ɗaya ta isa. Kwana tara ya rage a zauna jarrabawa.

Da yamma Nas ta miƙo mata littafi kamar kullum. Ta ƙi karɓa.

"Daga yau ba zan ƙara riƙe miki ba, ƙawata. Ni na buga tambayoyin."

Nas ta daɗe tana kallonta. Yarinya ce mai kaifin hankali, a kanti tana gane mai ƙaryar ciwo tun daga bakin ƙofa. Kakar ta kawar da fuska ta shiga kwashe kwanuka, domin ta lura ko fuskarta yanzu takarda ce da za a iya karantawa. Ba ta iya cewa ma a karanta duka littafin ba. Jiya da ta faɗi haka shawarar kaka ce, yau in ta faɗa, Nas za ta tambayi kanta me ya canja, idonta kuma zai sauka a kan kilif ɗin nan.

Littafin a kan tebur yake kwana. Kowace safiya idan tana goge teburin takan ɗaga shi ta goge ƙarƙashinsa ta mayar, kilif ɗin yana taɓa mata babban yatsa. Sako-sako yake, da ta ɗan karkata littafin da kansa zai zame.

Ranar Asabar da hantsi ɗanta ya zo, bakanike ne, duk gidan Kawu suke ce masa saboda Nas. Ya aiki Nas sayen sabulu, ya zauna a hannun kujera da baƙin mai a faratansa.

"Mama, ba wanda ya ce ki ɗauko takarda. Hannunka mai sanda kawai. Ni zan riƙa karanto sunayen babi, in na zo wurin ki yi tari."

"Ba ni da tari."

"To ki yi atishawa."

"Kai, tashi daga hannun kujerar nan kafin ka karya min."

Bai tashi ba. "Wata bakwai ya rage miki. Ranar da za ki tafi agogon bango za su ba ki, su tafa miki, washegari sun manta da ke. Yarinyar nan fa marainiya ce. Kina tsammani 'ya'yan manyan makarantar nan ba a yi musu raɗa? Ke kaɗai ce za ki shiga sama da takardar shaida?"

"Ban san abin da ake yi wa 'ya'yan wasu ba."

"Da Yaya tana da rai, da wane ido za ki kalle ta?"

Wannan ta shige ta. Ta sunkuyar da kai tana murza yatsun da suka kumbura. Ya jira, ya gaji, ya tashi ya kaɗe wandonsa. A bakin ƙofa ya ce gaskiyar da ba ta amfani ɗan gida ba, shi bai san sunanta ba, ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Ranar Lahadi a coci suka zauna a bencinsu na kullum, na huɗu daga baya kusa da taga. Aka zo addu'ar Ubangiji, aka zo wurin nan, ta saki hannunta tana jiran zungurar. Ba ta zo ba. Ta buɗe ido kaɗan, ta ga Nas ta haɗa hannuwa a cinya, leɓenta na motsi da gaske. Abin da ya zama wasa shekara goma sha bakwai, yau yarinyar roƙonsa take yi, ita kuma kakar a kan tata kalmar, jaraba, take roƙo, kowa da abin da ke cinta.

Ba ta barci sosai a kwanakin. Da safe takan tashi jiki duk ya yi tsami, ta yi addu'a a bakin gado, addu'ar ba ta wuce kalma biyar, ya Yesu ka riƙe bakina. A wurin aiki ta buga wasiƙa guda sau uku saboda kuskure, abin da ba ta yi ba tun tana sabuwar ɗauka.

Ranar Talata bayan an tashi ta biya kasuwa. Mahaucin da take saye a wurinsa shekara da shekaru ya hango ta ya ɗaga wuƙa.

"Mama ta ofis! Yau kin zo a sa'a. Dubi ƙoda, yanzu aka kawo, ko ƙuda bai gaisa da ita ba."

Ta tsaya. Ƙodar tana kan teburin, guda biyu, suna sheƙi. Mijinta ne mai son ƙoda, tun da ya rasu ba ta ƙara sa ta a tukunya ba, Nas kuwa ta san haka sarai. Tunanin ya zo mata a natse, da murya mai hankali, ba kamar ta Kawu ba. Ba za ta ce komai ba. Ba za ta yi tari ba, ba za ta taɓa kilif ba. Za ta soya nama ne ta ajiye wa jikarta a faranti, wace doka ce ta hana kaka ciyar da jikarta? In yarinyar ta gane wani abu, kaifin hankalinta ne. Ko a gaban jami'in jarrabawa za ta iya ɗaga hannu ta ce ba ta furta ko harafi ba, kuma gaskiya ta faɗa.

"Ƙulla min," ta ce.

A tasha ta sami benci ta zauna, ƙullin a cinyarta, sanyinsa yana ratsa zane. Motar ta yi jinkiri. Da ma idan ranta ya ɓaci yatsunta ba sa zama, sai su riƙa bugu a kan gwiwa kamar akwai tafireta a wurin. Ta bar su suna yi, can ta lura ayar safe suke bugawa. Ta bi su da baki a hankali, har zuwa inda Allah zai buɗe mafita. Bakinta ya tsaya a nan kamar yadda ya saba. Yatsun ba su tsaya ba, suka ci gaba da wasu 'yan kalmomi, sannan suka buga ɗigo.

Ta sake gwadawa, haka aka kuma yi. Ta buɗe jaka ta ciro ƙaramin Littafinta mai bango da ya sha selotef, ta sa tabarau, ta nemi wurin. Ayar ba a kan mafita ta ƙare ba. Akwai sauran guntu a bayanta, mai cewa ana ba da mafitar ne domin mutum ya iya jimrewa.

Ta daɗe tana kallon guntun nan. Shekara talatin da uku tana buga shi kowace safiya, ashe shi ma bututu ta yi masa, ya bi ta yatsa ya wuce bai taɓa kai ba. Ita a zatonta mafita ita ce a ɗauke mata kayan, a kawo wata ta buga, ko a goge mata abin daga kai. Ayar ba ta yi mata wannan alkawari ba. Ta dai ce kayan ba zai fi ƙarfinta ba, kuma wanda ya faɗa ba ya ƙarya. Saura kwana huɗu. Ta tambayi kanta ko za ta iya ɗaukar kwana huɗu, ta ga ba ta sani ba, amma yammacin yau kam za ta iya.

Motar ta zo, mutane suka yi ta turereniya, ta bar ta ta wuce. Ta fara tunanin ba maƙwabciyarta naman, sai ta tuna matar ba ta iya godiya a hankali ba, duk gidan sai ya ji an ba ta ƙoda. Ta tashi ta koma kasuwa tana ɗingishi.

"Canja min."

"Haba Mama, me ta yi miki? To ga hanta."

"Ba na son hanta."

"Zuciya fa? Ko huhu?"

"Babu ko ɗaya."

"Ikon Allah. Yau kin yi faɗa da kayan ciki ke nan. To ga tsoka zalla."

Ta buɗe baki za ta ce to, sai ta tuna tsoka ma babi ne, na biyar. Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke zuwa da ruwan ido. Mahaucin ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallonta. Ta ce ya riƙe ƙodar ya ba duk wanda ya ga dama, ta tsallaka wurin mai ƙwai. Kwana huɗun nan ƙwai da wake da shinkafa aka ci a ɗakin, Nas ba ta tambayi dalili ba.

Ranar Asabar, ranar jarrabawa, ta raka Nas har bakin titi, ta ɗora mata hannu a ka ta yi addu'a, ta dawo ta wanke kayan da ba su yi datti ba. Wajen la'asar Nas ta shigo, ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa inda ta saba zama. Ta jawo littafin, ta zare kilif ɗin, ta ajiye shi a kan tebur.

"Ƙoda ce, Kaka."

"Na sani."

"Kin sani." Ba tambaya ba ce. Ta juya kilif ɗin da yatsa. "Na zana abin da nake gani a kwalin magani. Sauran na bar shi fari."

"Akwai abinci a kula."

"Na ƙoshi."

Bayan mako uku sakamako ya fito, kuma wanda zai buga sunayen waɗanda aka ɗauka a manna a allo bai wuce Mama Tafireta ba. Jami'in jarrabawa ya kawo mata takardar da kansa, ya ajiye, ya ɗan tsaya yana wasa da makullansa kamar zai yi magana, sannan ya fita. Mutum arba'in ake ɗauka. Nas ce ta arba'in da shida.

Mama Tafireta ta ce wannan ne karo na farko da ta karanta jerin suna tana bugawa, ɗaya bayan ɗaya, har da motsa leɓe. Da ta zo ta arba'in ta tsaya. Wata yarinya ce daga wata makaranta da ba ta taɓa jin sunanta ba, maki huɗu ne tsakaninta da Nas. Ba ta san ta ba, ba ta san ko tana da uwa ko kaka ce ke riƙe mata littafi ba. Ta buga sunan, ta duba harafi da harafi kada ta ɓata mata shi, ta kai aka sa hatimi. Ba ta ce hakan ya sanyaya mata rai ba. Ta ce a motar dawowa ta yi kuka, wata mata ta ba ta wurin zama tana zaton rasuwa aka yi mata.

Kawu bai ƙara zuwa ba, in ta kira shi yakan ce yana ƙarƙashin mota. Nas tana zuwa kanti tana dawowa, tana gaishe ta, tana ɗebo ruwa, maganarsu ba ta wuce ta gida. Wasu a layin sun daina kiranta Nas, wasu kuma ba su san me za su kira ta ba, sai su ce ke. Lahadi huɗu ke nan ana zuwa wurin nan a addu'a babu zungura. Mama Tafireta ba ta daina sakin hannunta ba.

Da aka tambaye ta ko tana nadama, ta murza yatsa. Ta ce wasu ranaku tana yi. Ta ce da can ana yabonta a kan gaskiyar da ba ta biya komai a kanta ba, yanzu da ta biya, babu mai yabo, kuma ta fi gane wannan. Ta ce ita dai ta miƙa yarinyar ga wanda ya fi ta sanin hanya, abin da zai yi da ita kuwa bai gaya mata ba tukuna.

Ranar Juma'ar da ta wuce Nas ta dawo daga kanti da wata takarda a ninke, ta ajiye a kan tebur inda littafin ke kwana da. Sanarwa ce ta wata makarantar koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje a wani gari mai nisan yini guda a mota. Suna son wasiƙar neman shiga, bugaggiya. Ta rubuta tata da biro a bayan takardar.

"Kwamfutar kanti ta lalace," ta ce, tana kallon bango. "In yatsunki ba sa ciwo."

Suna ciwo. Da gari ya waye ranar Asabar, Mama Tafireta ta durƙusa ta jawo tsohuwar tafiretar da makaranta ta bar mata lokacin da aka kwashe su, daga ƙarƙashin gado. Ta goge ƙurar, ta ɗiga man keken ɗinki, ta sa farar takarda ta buga ayar safe har zuwa ɗigonta, ta zare ta ajiye gefe. Sannan ta sa wata takardar, ta gyara tabarau, ta buga wasiƙar jikarta tana karanta kowace kalma, ta gyara mata kuskure biyu, ta ninke ta sa a ambulan.